Ƙarƙashin Ƙaho

Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya ranar da mota ta juye mu a Kumasi, farkon daminar 1969. Na sauko ƙafafuna a kumbure, bayan kwana tara a kan buhunan albasa. Kada a ce neman arziki ya kai ni, mutum na je nema. Yayana Ummaru ya tafi fataucin goro Gwanja ina ɗan shekara goma sha biyu, ya aiko saƙo sau biyu, daga nan ɗif, har shekara goma sha ɗaya. Mahaifiyarmu Inna Hajo kuwa idonta ya riga ya tafi. Da zan taso daga Mafara abin da ta ce mani ke nan: "Lawali, gani dai ya wuce ni. Ka kawo mani shi in ji muryarsa, in taɓa hannun nan nasa." Hannun hagu take nufi, wanda lauje ya cire wa ƙaramin yatsa tun yana yaro. Ba ni da hotonsa, ba ni da adireshi. Yatsan nan da babu shi ne duk shaidata, sai wata farar riga da ta sa aka ɗinka masa.

Aka ce in nufi Alabar, can Hausawa suke. Na tarar da Hausawa kam, da Mosawa da Zabarmawa da Dagomba, kowa na jan Hausa ta inda ya ga dama, ana cusa mata Turanci da Tonanci, yaren Tonawa masu garin. Kwana biyu ina bin rumfunan goro ina tambaya. A na uku wani mutum mai tsabtar hula da dogon carbi ya tare ni.

"Ummaru mai yatsa tara? Haba ɗan'uwa, ai shekaranjiya muka ci shinkafa da wake tare! Sai dai kunya ta yi masa yawa, ba zai fito ba sai ya ga alama daga gida. Me ka zo da shi?"

Ni kuma sakarai, nan take na kwance ƙullina na miƙa masa rigar. Ya ce in jira shi a ƙofar masallaci. Na jira tun hantsi har aka yi la'asar aka watse. Shekara fiye da hamsin ke nan, kuma in gaya muku gaskiya ban yafe ba. Da kuɗi ya ɗauka da tuni na manta, amma rigar da makauniya ta shafa da hannunta ta yi wa addu'a? Allah ya isa tsakanina da shi.

Ruwa ya sake saukowa, na fake a wata rumfar shago na zauna a kan wani baƙin akwati, ina kuka ba kunya. Sai na ji murya a kaina.

"Kai ɗan Nijeriya, tashi daga kan batir na. Ruwansa zai ci wandonka, ka rasa riga ka rasa wando."

Ashe labarina ya riga ya zaga layin. Mai shagon shi ne Massa Gariba, gajere mai tumbi, haihuwar Kumasi. Kakansa Bakano ne da ya zo da jakuna, amma shi ko a mafarki bai taɓa ganin Kano ba. Sana'arsa hayar lasifika: suna, biki, wa'azi, har jana'izar Tonawa ta ranar Asabar. Kunnensa na dama ya mutu a kan aikin. Ya sa aka kawo mani tuwo da miyar ayoyo, ya tsaya yana kallona har na suɗe kwanon.

"Ka iya hawa sama?"

"A garinmu ni ke hawan giginya."

"To gwiwana ya gaji. Ka kwana nan bayan kaya, gobe mu gani."

Haka na shiga aikin da na ci abinci da shi har tsufana. Kayan Massa ba su da yawa: amfilifaya biyu, makirfo, batiran mota, ƙananan akwatunan sauti huɗu, da ƙaho shida. Ƙaho shi ne lasifikar nan ta ƙarfe mai faɗin baki kamar mazurari, irin wadda ake ɗaurawa a kan masallaci. Ni a zatona ɗaurawa kawai ake yi a murɗa. Ranar farko ya kwance mani wannan tunanin.

"Ƙaho tocila ne," in ji shi. "Inda ka haska, nan magana zai je. Mutum yana can nesa zai ji ka tar. Wanda yake bayansa ko gindinsa, gurnani kawai zai ji. Saboda haka in ka ɗaura, ka sauko ka zaga da ƙafarka. Gaba, gefe, baya, ƙarƙashi. Kada ka yarda da kunnen wanda yake sama."

Sai ya kama makirfo yana ƙirga da Hausa da Tonanci, "ɗaya, biyu, uku, baako, mmienu, mmiensa," ni kuma ina zagaya fili kamar jakin da aka ɗaure a turke, ina ɗaga hannu inda na ji da kyau, ina saukewa inda ban ji ba. Inda magana ba ta kai ba, sai ya rataya ƙaramin akwati. Ko taron mutum ashirin ne sai an yi wannan zagayen. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, don mutane suna tsayawa su yi mani dariya.

Wata rana muka je suna a wani gida wajen Manhyia, unguwar da fadar sarkin Tonawa take. Na hau na juya ƙaho ɓangaren da na ga ya fi sarari. Ba a daɗe da kunnawa ba wani dattijo ya iso, ya yafa zane a kafaɗa ɗaya, ya yi wa Massa magana ƙasa-ƙasa. Na ga Massa ya tuɓe takalmi yana rusunawa yana ba da haƙuri da Tonanci. Dattijon na juya baya Massa ya kamo kunnena ya murɗe.

"Ka san inda ka haska? Gidan sarki! A garin nan baƙo ba ya ɗaga wa mai gari murya. Kakana ya san wannan, ubana ya sani, shi ya sa muka daɗe. Hau ka juya shi."

Amma mutumin nan yana da hannu, wannan ba zan hana shi ba. Da Mauludi ya zo aka kira mu gidan wani attajirin goro. Bai sa ƙaho a cikin gidan ba ko ɗaya. Akwatunan nan huɗu ya rataya a kusurwoyin tsakar gida, kowanne ya ɗan sunkuyar da shi yana kallon tsakiya, ya rage ƙarfi sosai. Da mai yabon Annabi ya fara, ya ja ni tsakiyar fili ya ce in rufe ido. Wallahi ban san ta ina muryar take zuwa ba. Ba gaba ba, ba baya ba, kamar na shiga cikinta ne yadda ake shiga rafi. Tsigar jikina ta tashi. Ina tsaye ido a rufe sai Inna ta faɗo mani, na ce ashe haka take zaune kullum. Na raya a zuciyata, in Allah ya nuna mani Yaya, zan zaunar da ita a tsakiya haka, ya yi ta magana har ta ƙoshi.

Tun makon farko Massa ya yarje mani abu guda. Duk taron da muka je, in an tashi, zai miƙa mani makirfo in yi cigiya. Kalmomin ba sa canzawa: "Cigiya, jama'a! Ana cigiyar Ummaru ɗan Hajo, mutumin Mafara, mai yatsa tara. Uwarsa tana raye, tana kiransa." Na faɗe ta a Alabar, na faɗe ta a unguwannin da ban iya sunansu ba, har matan zango suka raɗa mani suna. In na wuce sai in ji, "Ga Cigiya nan, yau ma yatsa ake nema?" Akwai wani ɗan iska da ya taɓa naɗe yatsansa ya ɗaga hannu a cikin taro yana cewa ga shi nan. Na diro daga kan tebur na fasa masa leɓe, Massa ya hana ni makirfo mako guda.

Sai a Sofoline, kan hanyar Sunyani, na sami labari na gaskiya. Mun je wa'azi wajen masu gyaran mota, na gama cigiyata, wani tsoho Bazabarme mai facin taya ya yafuto ni.

"Na san shi. Goro ya ruɓe masa shekarun baya, jari ya karye, ya kasa kallon hanyar gida. Ya shiga daji aikin gonar koko."

"Wane ƙauye, Baba?"

Ya buɗe hannuwa biyu ya nuna mani yamma gaba ɗaya. Na gaya wa Massa mu ɗauki ƙaho mu bi ƙauyuka. Ya girgiza kai, ya ce kurmi yana cinye magana, ko ƙaho goma ka ɗaura itatuwa za su shanye ta kafin ta yi nisan jifa. Na koma shago na kwanta, na kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Azumi ya kama da 'yan kwanaki, wajen ƙarshen shekarar, rediyo ya faɗi abin da ya girgiza zango. Duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Wa ke da takarda? Mutanen da kakanninsu suka zo a ƙafa? Nan da nan Alabar ta koma kasuwar gwanjo. Keken ɗinki, gado, tukwane, ana bayarwa a kan abin da bai kai kuɗin buɗa-baki ba. Na ga dattijo mai gida mai ɗaki goma sha biyu zaune a bakin kwata ya rafka tagumi. Massa kansa kullum yana ofis-ofis yana neman shaidar cewa a nan aka haife shi.

"In tafi ina?" yake ce mani. "Kano ɗin, wane layi? In ce masu ni jikan wane?"

Babbar tasha ta cika ta batse. Leburorin gonakin koko suka yi ta ɓullowa daga daji, da tabarmi da adda, wasu a kan kafaɗun 'yan'uwansu. Mata suna ɓata wa mazansu, 'ya'ya suna ɓata wa iyaye. Massa ya ce in kwashi ƙahon duka shida in kai tasha, a riƙa kiran sunayen waɗanda suka ɓata, fi sabilillahi. Allah ya yafe mani, a cikin wannan masifar ni murna na ji. Na ce dokar da ta kori kowa ita za ta fito mani da Yaya daga kurmi.

A tsakiyar tashar akwai wata doguwar rumfar kwano. Na kafa sanda a kan rufinta, na ɗaura ƙahon shida a kewaye, kowanne na ɗaga bakinsa don magana ta yi nisa. Na shimfiɗa katako a kan rufin na zauna da amfilifaya da batir, da laima a kaina. Ta gabas na jingina tsani, ta nan ake miƙo mani sunaye. Massa yana ofis ranar, don haka wani direba na sa ya yi mani ƙirga, na kutsa har bakin ƙofar tasha, na ji magana tar kamar a kunnena ake yi. Na juyo na dubi ƙarƙashin rumfar. Mutane ne cunkushe, kaya a kan kaya, wari na tashi, ga rana, ga azumi. Na ce a raina, wata takwas ina wannan aikin, sai yau zan tsaya zagaye? Na haye sama.

Da yamma Massa ya zo ya tsaya gindin tsani, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙahon.

"Ka zaga?"

"Na zaga, Massa."

"Ƙarƙashi fa?"

"Har ƙarƙashi."

Da azumi a bakina na faɗi haka. Ya gyaɗa kai ya koma.

Kwana uku ina kira. Aiki ya yi kyau, kada in rage wa kaina. Na ga mace ta yar da ƙullinta ta ruga da ta ji sunan mijinta. Mutane suna ɗago hannu suna sa mani albarka, kaina ya yi girma. Duk bayan suna goma sai in saka nawa: Ummaru ɗan Hajo, mutumin Mafara, uwarka tana raye, tana kiranka. Na faɗa har muryata ta dushe. Idona kullum yana can nesa, bakin ƙofa, inda nake zaton zan ga wani ya ɗaga hannun hagu.

A rana ta huɗu, gab da shan ruwa, wata mota ta yi baya ta karya tsanin. Dole na sulalo ta ginshiƙin yamma, ɓangaren da ban taɓa sauka ba. Na dira kusa da tukunyar wata mata mai sayar da kunu da ƙosai. Mma Azara ake ce mata, mutuniyar Tamale, ita dokar ba ta shafe ta ba. Ana kiran salla ta miƙo mani kunu a ƙwarya ba tare da na tambaya ba.

"Kai ne mai hayaniya a kanmu? Sha, ɗana. Kwana uku kwano yana rawa, kanmu yana ciwo. Wai me kake faɗi ne?"

Na sauke ƙwaryar. "Ba kwa ji a nan?"

"Buuu, buuu, shi ke nan. Wani lokaci sai wanda ya fito daga waje ya gaya mana."

Sai a lokacin na duba da kyau. Ashe marasa lafiya ake kwantarwa a nan saboda inuwa. Tsofaffi, masu zazzaɓi, masu jego, jere a kan tabarmi.

"Mma, a cikin waɗanda suka kwanta nan, kin ga wani mai yatsa tara?"

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Mai tari? Nan ya kwanta, gindin wannan ginshiƙi da ka sauko, kwana biyu. Daga daji aka kawo shi. Ba ya iya azumi, ni nake ba shi kunu. Hannun hagu, ƙaramin babu."

"Ya faɗi sunansa?"

"Ummaru." Ta dube ni, ta ga yadda fuskata ta koma. "Wayyo. Naka ne?"

Ita kuwa ta ci gaba, don tana ganin alheri take mani.

"Har ya yi maganarka. Jiya ya ce, Mma, wancan na sama, kalma ba na ji, amma yadda yake jan magana irin ta garinmu ce, me yake cewa? Na ce ai sunan waɗanda ake nema yake kira. Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, to ba ruwana, ni ba mai nemana."

"Yana ina?"

"Da safen nan aka ɗora shi a mota."

"Wace mota? Ta ina?"

"Ɗana, mota nawa ya tashi yau?"

Na ɗaga kai na dubi kwanon. Ga inuwar katakona nan ta wata ɓula. Tsakanin inda ya kwanta da inda na zauna bai kai tsawon mutum biyu ba. Da tari mai ƙarfi ya yi a lokacin da na kashe makirfo, da wataƙila na ji shi.

Na gaya wa Massa komai, har ƙaryar. Na so ya mare ni, bai mare ni ba. Sai dai ya ce, "Na tambaye ka, Lawali." Bai ƙara ba. Da gari ya waye ya haɗa ni da wani direba da ya sani mai zuwa iyakar Togo, don can yawancin motocin jiya suka nufa. Ina cikin motar ina kallon Massa, da tumbinsa da gwiwar nan tasa, ya taka ganga yana rataya ƙaramin akwati a ƙarƙashin rumfar. Kafin mu fita daga tasha an fara kira, na ga wata tsohuwa ta yunƙura daga kan tabarma tana cewa ga ta nan. Ganina da Massa Gariba ke nan na ƙarshe, ban ma san ko ya sami takardarsa ba.

A iyaka muka tarar an rufe hanya. Jama'a zube a kan rairayi kusa da teku, ba rumfa, ba ruwan kirki. A nan ba ni da ƙaho, sai ƙafata da bakina. Na bi mutum-mutum, duk wanda na gani a kwance sai in durƙusa in ce "Yaya Ummaru?" in ɗaga hannunsa na hagu. Wasu suka ɗauke ni ɓarawo, har aka taɓa tara mani gajiya da duka. Abin da na ƙi yi na minti goma a Kumasi, shi na yi kwana da kwanaki a wurin nan. A bayan sansanin akwai sababbin kaburbura, ba suna, ba alama. Na tambayi masu haƙa ko sun lura da hannun wani, suka ce wa ke da lokacin ƙirga yatsu. A can ƙaramar salla ta same mu. Ban gan shi ba, kuma har yau ban san ko yana cikin ramukan nan ba, ko wata hanya motarsa ta bi.

Sai a farkon 1970, bayan an buɗe hanya, na isa Mafara. Tun daga Legas nake shirya ƙaryar da zan yi wa Inna, cewa yana lafiya, ya yi aure, zai zo da rani. Na shiga gida na tarar da ita zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ban kai ga sallama ba ta ɗago kai.

"Lawali ne. Sawun mutum ɗaya nake ji."

Na durƙusa a gabanta, ƙaryar ta ƙi fita. Ƙarya guda ta riga ta ishe ni. Na faɗa mata duka, tun daga riga har ginshiƙi, har maganar da ya yi cewa ba mai nemansa. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ture ƙwaryar gyaɗar gefe.

"Ya ce irin ta garinmu ce?"

"Haka matar ta ce, Inna."

"To, ya ji muryar gida."

Ba ta ƙara cewa komai a kai ba, ranar ko bayanta, kuma da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Ta miƙo hannu tana lalube har ta kamo nawa na hagu. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan ƙaramin ta tsaya. Ta riƙe shi gam, har aka kira azahar ba ta sake ni ba.